Rijiyar Gari da Randar Maƙwabci

'Ya'yana, masu rubuta labari da masu waƙa da masu harkar fim, har da ku da ba ku taɓa rubuta ko layi ɗaya ba amma wayoyinku cike suke da aikin waɗannan, ku gyara zama, ina da 'yar magana da ku.

Kwanakin baya 'yar ƙanwata ta zo gaishe ni bayan la'asar. Tun daga sallamarta na san da damuwa, don yarinya ce mai fara'a, ranar kuwa ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba. Marubuciya ce irin ta zamaninku. A waya take rubutu, da manyan yatsu biyu, cikin dare bayan ta sallami maigida da yara. Takan saki shafukan farko kyauta, wanda labarin ya ja shi sai ya biya 'yan kuɗi a sa shi a zauren WhatsApp inda take sakin sauran. Wata bakwai ta yi a kan wannan littafin. Kwana uku da kammala shi sai ga wata ƙawarta ta turo mata shi cikakke, wai ta karanta, ya yi kama da irin rubutunta. An cire sunanta daga sama, an ɗora na wata. Ba a rufa mako ba ta ji wani saurayi yana karanta shi a YouTube, murya rangaɗau, talla na katse shi jifa-jifa.

"Kawu," ta ce, "ni me na tare musu?"

Na ba ta haƙuri iya iyawata. Da ta miƙo mini wayar in gane wa idona, garin lalube sai yatsana ya faɗa wani wuri, sai ga finafinan Hausa jere reras. Na ce, "'Yar nan, waɗannan fa, ina kika saya?" Ta ce wurin mai tura-tura na bakin layinsu, duk Juma'a take aika yaro. Na ce, "To shi mai fim ɗin nawa ya samu a ciki?" Ta yi shiru, sannan ta fashe da dariya alhali hawayen bai bushe ba.

Ban yi tambayar don in ƙure ta ba. Da ita ce ta binciki tawa wayar, da ta tarar da waƙoƙin Shata da na Ɗanƙwairo waɗanda ban san hanyar da suka bi suka iso ni ba. Ana cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A wannan harka kowannenmu yau shi ne kurar, gobe shi ne gardin.

Zan fara da abin da masu kukan satar fasaha ba su cika son ji ba. Ban da Allah, babu wanda ya taɓa ƙagar abu daga babu. Kowane gari na da rijiyarsa, kowa na zuwa da gugansa, ba wanda zai sa mata kwaɗo ya ce ta ubansa ce. Ku dubi Alhaji Abubakar Imam, wanda duk muka buɗe ido da littattafansa. Ruwan Bagaja ya rubuta shi ne don gasar da aka shirya a 1933, kuma shi da kansa bai ɓoye ba cewa ya amfana da Muƙamatul Hariri. Magana Jari Ce kuwa, a Zariya aka tara masa littattafan Larabawa da na Turawa da na mutanen Indiya, ya zauna ya karance su. Akun da ke ba da labari dare bayan dare yana da asali a hikayoyin Indiya da Farisa, wasu labaran daga Alfu Laila suka fito, wasu kuma masu nazari sun bi sawunsu har cikin tatsuniyoyin Grimm na Jamus. Amma wa zai karanta Kalala da Kalalatu ya ji ƙanshin Jamus? Imam ya sauya musu gida, ya sauya musu abinci da sutura da irin ba'arsu, ya sa musu harshen da har yau muke kwaikwayo ba mu kamo ba. Ruwan rijiya ya ɗebo, amma furar da ya dama tasa ce.

Magabatanmu ma sun wuce nan. Ishiriniyar da ake rerawa a garuruwanmu lokacin Mauludi, Alfazazi mutumin Andalus ne ya tsara ta, Ibn Muhibu ya zo daga baya ya yi mata tahamisi, wato ya ɗora layi uku a kan kowane baiti mai layi biyu ya zama biyar. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isan Kware ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, ba wanda ya kai wani ƙara. Amma ku lura da kyau: bayan kusan shekara ɗari biyu, ni da ku mun san wa ya tsara, wa ya fassara, wa ya ƙara. Ba wanda ya kankare sunan wani ya ɗora nasa.

Ni ma sai da na sha kunya kafin in gane cewa rijiyar ta kowa ce. Ina cikin ganiyar tashe, a shekarun 1990, wani yaro ya fito da littafi a kan marainiyar da kishiyar uwa ke gana wa azaba, har da zuwa wurin boka, kamar dai yadda yake a nawa. Na tashi a fusace na je wurin wani dattijo cikin malamanmu, ina cewa sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Ya bar ni na gama huci, sannan ya ce, "Kishiyar kai ka ƙago ta? Tun kafin a haifi kakarka ake tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa. Je ka kawo mini shafi ɗaya da ya kwashi maganarka." Na kwana ina gwada littattafan biyu, ban samu ba. Hasali ma, a wurare da dama nasa ya fi nawa armashi, ina jin abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Daga baya na gane doka ma haka ta ce. Ba ta kare jigo ko dabara, abin da take karewa shi ne yadda ka zuba su: jimlolinka, tsarin labarinka, karin waƙarka. Saboda haka, ɗana, in wani ya yi waƙar soyayya ko ta noma bayan taka, kada ka ɓata zumunci a banza.

Randa kuwa daban take. Ruwan cikinta daga rijiyar nan ya fito, gaskiya ne, amma wani ne ya yi sammako, ya ja guga har hannunsa ya yi kanta, ya ɗauko a ka, ya tace, ya rufe da faifai. Mai ƙishi in ya yi sallama, da wuya a hana shi moɗa ɗaya. Wanda ya kinkime randar ya kai bakin kasuwa yana sayar da ruwan kuwa, kowa ya san sunansa.

Dokar haƙƙin mallaka da ake aiki da ita yanzu a Najeriya ita ce ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ba sai ka yi rajista ba kafin ta kare ka. Da zarar ka rubuta labarinka ko ka naɗi waƙarka, haƙƙin ya tabbata gare ka. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana karɓar rajista, kuma yana da kyau a yi, amma amfaninta shi ne shaida ranar gardama. Rubutu da waƙa, kariyarsu na nan tsawon ran mai su, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Fim da hoto da muryar da aka naɗa, shekara 50 ne daga fitowarsu. In wa'adin ya cika, ruwan randa ya koma rijiya, kowa ya ɗiba. Bisa wannan lissafi, waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, sai ƙarshen 2028 za su zama na kowa. Baitocin Alhaji Mamman Shata, da ya rasu a 1999, sai ƙarshen 2069. Da yawanku ma kun yi furfura lokacin.

Wa'adin nan ba kuskure ba ne, shi ne ma ƙashin bayan abin. Dokar farko irin wannan a Ingila aka yi ta a 1710, kuma shekara 14 kacal ta ba marubuci, in wa'adin ya cika yana raye a ƙara masa wasu 14. Ciniki ne tsakanin mai fasaha da jama'a: mun tsare maka gonarka ka ci amfaninta na wani lokaci, daga nan a cire shinge. Sai dai masu ƙarfi sun yi ta matsar da shingen gaba. A Amurka an ƙara shekara 20 a 1998, shi ya sa fim ɗin zane na Mickey Mouse da ya fito a 1928 bai zama na kowa ba sai ranar 1 ga Janairun 2024. A ganina, ga adabi irin namu, shekara 70 ta yi yawa. Littafin Hausa in ya shekara biyar a kasuwa ya yi ƙoƙari, daga nan sai ya ɓace, ba mai sake buga shi, ba mai ajiye shi.

Na san gidan wani malami mawaƙi da ya bar akwatin ƙarfe cike da waƙoƙi cikin ajami. Ɗalibai daga jami'a sun yi ta sintiri suna roƙon a ba su su ɗauki hoto, magada suka ƙi, wai akwai miliyoyi a ciki, so ake a cuce su. Shekaru suka shuɗe, miliyoyin ba su zo ba. Ranar da aka tashi rabon gida aka buɗe akwatin, ashe gindinsa ya ci tsatsa, gara ta shiga ta yi biki. Ɗan abin da ya tsira shi ne wanda wani almajirin malamin ya kwafa da hannunsa tun malamin na raye. Wannan ma asara ce, 'ya'yana, kuma ba ɓarawo ne ya jawo ta ba.

Na sha jin wasunku na kafa hujja da addini, wai ilimi na Allah ne, ɓoye shi kuwa akwai narko mai tsanani a kai. Gaskiya ne akwai. Amma wanda ya ce ka biya kuɗin littafinsa bai ɓoye ilimi ba, ga shi nan a kasuwa ya baje. Tun zamanin da ake kwafe littattafai da alƙalamin kara da tawadar zuge, ana biyan mai kwafa ladan hannunsa, kuma in ya kai ƙarshe yakan ambaci mawallafi ya yi masa addu'a. Malamanmu kan ce albarkar ilimi tana cikin jingina magana ga mai ita, kuma ilimin hadisi kacokan a kan wane ya ji daga wane aka gina shi. A wannan zamani ma, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Ballantana ma yawancin abin da ake turawa ba Risala ba ce ko Iziyya, labarin soyayya ne da waƙar biki.

Wani kuma ya ce, "Ai tallata shi nake yi, ni na sa aka san shi." A nan akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ƙi ta ba. Zamanin kaset, waƙar makaɗi takan bi direbobi daga tasha zuwa tasha, daga Kano zuwa Maraɗi, zuwa Agadas, zuwa zangon Kumasi, ba tare da ya ga ko kwabo ba. Bai cika damuwa ba, saboda abincinsa ba a kaset yake ba. Yana wurin sarakuna da attajirai, yana filin biki inda za a yi masa kari da liƙi, a ba shi riga da doki ko mota. Iya nisan da kaset ya yi, iya yawan masu gayyatarsa. Mawaƙin yau ma yana da irin wannan mafita, gidan biki da taron siyasa. To marubuciya fa, wane biki za a gayyace ta ta karanta littafi a yi mata liƙi? Mai shirya fim fa, da ya sayar da fili ya biya 'yan wasa da mai kyamara? Su ba su da wata kasuwa sai wadda ka wargaza. Kafin ka ce talla kake yi, fara tambayar kanka ta ina mai abin yake cin abinci.

Mu ma a zamaninmu mun yi ta ƙorafi da masu hayar littafi, masu 'yan shaguna a unguwa da ke sayen kwafi ɗaya su ba mata haya. Yanzu da na waiwaya, rahama ce a gare mu. Su suka kai sunayenmu cikin gidajen kulle. Kuma mai haya ko ba komai ya sayi ɗaya, in ya sha hannu ya yage dole ya dawo ya sake saya. Littafin da ke cikin waya kuwa ba ya yagewa, ba ya jiƙewa, yaro ba ya zuba masa miya. Kwafi ɗaya ya ishi duniya. Shi ya sa abin da ya zama aro a hannun iyayenku, a naku hannun yake iya zama fashi, ko da niyyarku ɗaya da tasu.

Ku ɗauki darasi daga masana'antar fim. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 har zuwa lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ke cika maƙil da diloli da faifai, an yi arziki, an kuma yi ɓarna. Ba ɓoyayyen abu ba ne, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu a kai, cewa finafinai da dama labarin fim ɗin Indiya ne aka juye, wani sa'in har da karin waƙar, ba izini ba ambato. Mumbai na da nisa, ba wanda zai biyo sawu. Da masu gurza faifai da masu tura-tura suka taso, suka cinye kasuwar har cinikin faifan ya mutu murus, sai aka shiga kururuwa. Masu ba'a suka ce sata a gidan ɓarawo rance ce. Ban yarda da su duka ba, don cikin waɗanda suka karye akwai masu gumin kansu tsantsa. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai son fim a ƙauye sau da yawa bai da inda zai sayi na halas ko da yana so, mai tura-tura kuwa ga shi a ƙofar gida. Wanda bai kai kayansa inda mai saye yake ba, wani zai kai masa, ya kuma riƙe kuɗin.

Yanzu harkar ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, kuma a nan Mumbai ta matso kusa. A YouTube akwai na'urar da ke sauraron duk abin da aka ɗora, tana gwada shi da abin da masu haƙƙi suka ajiye. Ka ɗauki kiɗan wani ka sa a ƙarƙashin fim ɗinka, sai a wayi gari kuɗin tallar ya koma aljihunsa, ko a toshe bidiyon. In kuwa mai abu ya kai ƙara aka yi maka gargaɗi uku cikin kwana 90, ana iya rufe tashar ɗungurungum. Na ga yaron da ya shekara biyu yana tara masu kallo, ya yi aure da kuɗin tashar, dare ɗaya ta tafi saboda littattafan mutane da yake karantawa ba izini. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Abin tausayin shi ne yaron yana da baiwar murya, kuma da ya tambaya, da yawan marubutan da murna za su ba shi a raba riba.

Yanzu bari in juyo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato takarda. Littafina na farko wani ɗan kasuwa na kai wa, don ba ni da kuɗin bugawa. Ya karanta, ya yaba, ya ƙirgo mini kuɗin da a lokacin suka saya mini keke da 'yan kayan sallah. Ya miƙo wata takarda mai layi huɗu da Turanci, ya ce shaidar karɓar kuɗi ce. Na rattaba hannu jikina na rawa. Ashe abin da ke ciki shi ne na sallama masa littafin har abada. Ya buga, ya sake bugawa, na daina ƙirgawa. Ranar da na je da 'yar murya ina neman a ɗan taɓa ni, ya jawo aljihun tebur ya nuna mini sa hannuna. Ban ce masa komai ba, don bai ƙwace ba, ni na ba shi.

Ba ni kaɗai ba ne, kuma tawa ƙarama ce. A Afirka ta Kudu an yi wani mawaƙi Bazule, Solomon Linda, da ya naɗi waƙarsa Mbube a 1939, ya kuma sallama haƙƙinta a kan sule goma. Waƙar ta tsallaka Amurka, aka yi ta sauya mata riga har ta shiga fim ɗin The Lion King na 1994, ta tara dukiya mai ɗimbin yawa. Shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006, bayan an kai magana kotu, aka yi sulhu da magadansa.

Ku ɗauki aikinku kamar gona. Gona ana ba da aronta, ana ba da hayarta, ana jinginar da ita, ana sayar da ita, kuma ko yaron ƙauye ya san bambancin waɗannan. To in furodusa ko mai tasha ko mai bugawa ya zo, ku tambaya: haya ce ko saye? Na shekara nawa? Karantawa kawai zai yi, ko har da fim, har da fassara? Nawa ne nawa a ciki, kuma yaushe? Doka ta ce sayar da haƙƙi, ko keɓe shi ga mutum ɗaya, ba ya tabbata sai a rubuce, saboda haka takardar nan ita ce komai. A rubuta ta da harshen da kuke ji, ku tafi da ita gida ta kwana, ku nuna wa wanda ya fi ku sani. Mai gaskiya ba zai ji haushin kwana ɗaya ba. Ku kuma da kuke haɗuwa a situdiyo, wannan ya rubuta baiti, wannan ya buga kiɗa, waccan ta yi amshi, ku yi maganar rabo tun waƙar ba ta fita ba, lokacin da kowa ke dariya. In ta fashe kuɗi suka shigo, kunya ta riga ta tafi, zumunci kan bi ta. Na ga aminai tun na makarantar allo sun daina gaisawa a kan waƙa ɗaya. Ko me za ku sayar kuma, sunanku ba ya cikin ciniki. Doka ta bar wa mai aiki haƙƙin a ambace shi ko da ya sayar da sauran, kuma wannan ba ya canja hannu muddin yana raye.

'Yata, ke da aka cuta, kada zafin abin ya sa ki toshe kowace ƙofa. Dokar nan da kanta ta bar tagogi. Ɗalibi na iya tsakuro daga littafinki don nazari, mai sharhi na iya kawo wani yanki ya yaba ko ya kushe, ɗan jarida na iya ambata, mai barkwanci na iya kwaikwayo don raha, in dai an yi adalci an kuma faɗi mai shi. An kuma ba da damar mayar da littafi yadda makafi za su amfana. Waɗannan ba sata ba ne, su ne ma alamar aikinki na raye. Yarinyar da ta yi rawa da waƙarka a TikTok, ɗana, ba ita ce abokiyar gabarka ba. Malamin ƙauye da ya karanta wa ɗalibansa labarinki a aji, addu'a ya kamata ki yi masa.

In ma kuna so ku yi kyauta, akwai hanyar yin ta a tsare. Tun 2002 akwai lasisin da ake kira Creative Commons, inda mai aiki ke bayyana sharaɗinsa tun farko: ku ɗauka, ku raba, amma ku ambace ni, ko kuma ku raba amma ban da sayarwa. A kan irinsa Wikipedia ta Hausa ke tafiya. Ba ka rasa mallakarka ba, ƙofa ka buɗe da hannunka, ka kuma faɗi iya inda baƙo zai tsaya. Harshenmu na bukatar irin wannan sadaka ƙwarai, musamman littattafan yara da na koyon sana'a. Amma sadaka mai abu ke yin ta. Ba a shiga rumbun maƙwabci a fitar masa da zakka.

Ita dai 'yar ƙanwata, shawarar da na ba ta ita ce ta fara da sallama kafin ƙara. Tana da damar rubuta wa YouTube su sauke karatun, sabuwar dokar ma ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka ɗora ba izini, amma na ce ta fara neman saurayin da ke karatun. Da ta same shi, cewa ya yi wallahi bai san littafin na da mai shi ba, a wani zaure ya tsince shi. Ta tura masa shafukanta na farko masu ɗauke da kwanan wata. Ya ba da haƙuri, ya gyara suna, suka rubuta 'yar yarjejeniya, yanzu shi ke karanta mata sabon da take yi. Wadda ta ɗora sunanta a kan littafin kuwa har yau ba ta amsa saƙo ba. Ban tambayi 'yar tawa ko har yanzu tana aika yaro ranar Juma'a ba, ita ma ba ta tambaye ni labarin waƙoƙin Shata ba.

Ni kuma, littafina na farko ba ni da ta cewa a kansa, yana hannun magadan wancan ɗan kasuwa. Amma biyun da suka biyo bayansa nawa ne, kuma sun daɗe da ɓacewa a kasuwa. Duk malamin da ke son karanta su ga ɗalibansa, ko mai son ya kwafa ya ba ɗan'uwansa, na yafe, ya dai bar sunana inda ya gan shi. Wanda kuma yake ganin zai iya mayar da su fim ko ya karanta su a tasharsa, ƙofata a buɗe take bayan la'asar. Ya taho da takarda da biro.